Minti Huɗu Kafin Faɗuwar Rana

Ku da kuke taruwa a shagona na Ƙofar Galadima ranar Asabar, kowa da allonsa na lantarki da ya saya a shirye, na lura da irin kallon da kuke yi mini idan na ce a buɗe abin da kwamfaila, manhajar nan mai juya rubutunku zuwa harshen na'ura, ya fitar a karanta. Kallon da ake yi wa tsohon da ya fara maimaita labari ne. A ganinku an gama: ka rubuta layi goma, ka danna, fitila ta kama ƙyaftawa, shi ke nan ka zama injiniya. To ku gyara zama. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina wannan sana'a ta koya wa ƙananan na'urori aiki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a cikinta layi biyu ne da ban rubuta ba.

Rediyon farko da na buɗe na wani mai sayar da goro ne, a rumfar Malam Garba mai gyaran rediyo, inda mahaifina ya kai ni koyo. Waya ɗaya ce ta tsinke a bayan sifika. Na narka dalma na liƙe, na ɗaure, na kunna, murya ta fito raɗau. Ina ta jin kaina. Malam Garba ya karɓa ya duba fuskar rediyon, sai ya ce, "A wace tasha mutumin ya kawo shi?" Na ce ban duba ba. Ya ce, "To ka gyara masa waya ka ɓatar masa da tasha. Tsoho ne, ba ya karanta lamba, ɗansa ne ya saita masa kafin ya yi tafiya. Yanzu ya koma gida ya yi ta murɗawa." Daga ranar, kafin in taɓa kayan kowa sai na zana a takarda inda allura take, inda ƙarar murya take, wace waya ke kan wane ƙarfe. Ƙananan noti kuwa a faranti ake jera su yadda aka kwance su, na ƙarshen fita shi ne na farkon komawa. Shekara shida na yi a rumfar nan, kuma ban taɓa jin ya yabi aiki ba, iyakarsa ya ce, "Ajiye can."

Daga baya na yi karatun lantarki, na koma kan aisi, 'yan ƙananan kayan lantarkin nan masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ake rubuta musu abin da za su yi. Na yi wa masu kaji na'urar kula da zafin injin ƙyanƙyasa. Na yi wa masu rijiyar burtsatse abin da ke kashe famfo idan tanki ya cika. Kayan aikina ba su da yawa: mita, ƙarfen narka dalma, tsohuwar kwamfuta, da wani osiloskof, abin duba yadda wuta ke gudana, na hannu na biyu wanda sai ya yi zafi yake nuna gaskiya. Amma abin da aka san ni da shi a cikin birni agogon masallaci ne, mai jan rubutu, wanda ke nuna lokaci a sama, a ƙasa kuma lokutan salloli biyar na ranar. Ni na zana allonsa, ni na rubuta abin da ke cikinsa, kafinta ya yi mini akwati. Ya shiga masallatai a Kwarbai da Kusfa, har ƙauyukan da ke kewaye.

Sai kun san yadda cikinsa yake kafin ku gane abin da na yi. Furosesan da ke cikin agogon nan, wato sashen aisi mai yin lissafi, yana da 'yan gurabe talatin da biyu da muke kira rijista. Duk lissafin da zai yi, a cikinsu yake yi, kuma kowace ɗaya ba ta riƙe lambar da ta wuce ɗari biyu da hamsin da biyar. Idan lamba ta fi haka girma, sai a raba ta gida-gida, a tara na ƙasa tukuna sannan na sama, kamar yadda aka koya muku a firamare: bakwai da biyar sha biyu, ka rubuta biyu ka riƙe ɗaya a ka. Wannan ɗayan da ake riƙewa, furosesa yana da inda yake ajiye shi, wata rijista ta daban da muke ce wa rijistar tutoci. Ba ta riƙe komai sai labarin lissafin da aka yi yanzu-yanzu: ya fito sifili ne, akwai ɗaya a riƙe ne ko babu. Lissafi na gaba yana zuwa zai goge ta ya rubuta nasa.

Lambobin da kuke gani a fuskar agogo kuwa ba a tare suke kunne ba. Ɗaya bayan ɗaya ake haska su, da saurin da ido ba ya kamawa. Saboda haka sau dubu a kowane sakan, wani ɗan ma'auni a cikin aisi yana katse furosesa, ko me yake yi, ya ce masa je ka haska lamba ta gaba. Shi ne intarof da kuke ji, ni katsewa nake ce masa. Furosesa ya bar aikinsa a tsakiya, ya je ya yi na katsewa, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Babban aikin bai san an bar shi ba, ba a kuma tambaye shi ko ya shirya. Yana iya kasancewa ya tara gidan ƙasa, ɗaya na riƙe, bai kai ga na sama ba. Don haka dole mai katsewa ya bar kowace rijista yadda ya same ta, kamar rediyon mai goro.

Wannan aikin kwamfaila ne yake yi muku ba ku sani ba. Kun rubuta layi uku a harshen kwamfuta da ake kira Si, kun ce masa wannan na katsewa ne. Shi kuma da zai juya shi zuwa harshen na'ura, sai ya ƙara nasa a sama da ƙasa. A sama ya duba duk rijistar da layukanku za su taɓa, ya kwashe abin da ke cikinsu ya jera a wani lungu na ƙwaƙwalwa da ake kira sitak, har da rijistar tutoci. A ƙasa ya mayar da su, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita, sannan ya ba da umarnin komawa. Idan kuma a cikin katsewar kuka kira wani aiki da ke wani fayil, wanda ba ya iya ganin cikinsa, ba ya yin caca. Duk rijistar da doka ta yarda wancan aikin ya ɓata sai ya adana ta, ko za a taɓa ko ba za a taɓa ba. A manyan furosesa na yanzu ma ƙarfen da kansa yake adana wasu kafin a kai ga kwamfaila. A nawa babu wannan gata, inda za a koma kawai yake riƙewa.

Agogon da na yi wa wani masallacin unguwa a Kusfa shi ne mafi girma da na taɓa haɗawa a lokacin. Zauren sallar dogo ne, suka ce suna son lambobin da na sahun baya zai gani. Da na haɗa, sai na ga hasken yana ɗan rawa. Na buɗe abin da kwamfaila ya fitar, na ga kafin ya haska lamba ɗaya sai ya adana rijista goma sha biyar, ya gama ya mayar da goma sha biyar. Raina ya ɓaci. Na ce wannan ai ɓarnar lokaci ce, aikin da rijista biyu suka isa. Gaskiyar magana, laifin nawa ne, na kira wani aiki daga cikin katsewar, da na dawo da shi ciki da kwamfaila ya rage da kansa. Amma a shekarun nan ina ji da kaina, kuma a cikinmu masu wannan sana'a babu abin alfahari kamar a ce wane da hannu yake rubuta harshen na'ura. Sai na ba kwamfaila umarnin ya cire hannunsa daga wannan wuri gaba ɗaya, kada ya ƙara komai a sama ko a ƙasa.

Na zauna na rubuta da kaina. Rijista biyu na taɓa, na adana biyu, na mayar da biyu. Rijistar tutoci kuwa na duba umarnina ɗaya bayan ɗaya, babu mai tarawa, babu mai ɗebewa, ɗauko nan ne ajiye can, ba wanda ke taɓa ta. Na ce to me zai sa in adana abin da ba zan taɓa ba? Kuma a ranar daidai nake. Haske ya tsaya cak. Na ji daɗin abin har na zuba shi a duk agogon da na yi bayan nan.

Ladanin masallacin, Malam Iro, kowa Baba Ladan yake ce masa. Tun kafin a sa lasifika yake kiran salla a nan, yana hawa matakalar ƙasa da ke jikin bango ya dubi gabas ko yamma. Lokacin da na san shi gwiwa ta hana shi hawa, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani. Siririn mutum ne mai tsabta, ba ya son a kama masa hannu. Wata rana na je duba batirin agogon, ya same ni a kan tsani.

"Injiniya, abin nan naka yana da kyau, in ji masu ido."

"Baba, ba ka ganin sa ne?"

"Ina ganin ja-ja dai. Shida da takwas duk ɗaya suke a wurina. Ba ka iya sa masa baki? In lokaci ya yi ya ɗan yi kuka, in daina damun mutane da tambaya."

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Na sauke agogon na kai shago, na liƙa masa 'yar ƙararrawa. Don ƙarar ta fito daidai, sai na sa ƙidayarta a cikin katsewar nan da na rubuta da hannu. Layi huɗu na ƙara. Na ɗauki rijista ta uku, kuma ban manta ba, na adana ta na mayar. Amma a cikin layukan akwai umarnin kwatanta lamba da lamba, shi kuwa kwatantawa ɗebewa ce a ɓoye, tana rubutu a rijistar tutoci. Shekara biyu ke nan da na yanke cewa ba sai na adana ta ba, dalilin ya daɗe da fita daga kaina. Da kwamfaila ne, duk ranar da ka canja layi sai ya sake duba komai daga farko, ba ya dogara da abin da ya tuna. Na gwada, ƙararrawa ta yi kuka a kan lokaci, na mayar na rataye. Baba Ladan ya yi ta sa mini albarka. Sauran masallatai suka ji labari, kowa ya ce shi ma a sa masa.

Azumin shekarar a cikin damina ya faɗo. Ranar goma sha ɗaya ga wata aka wuni ana ruwa, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita wajen la'asar. Agogon yana da ɗan batirin da ke riƙe masa lokaci, amma lokutan salla duk sanda wuta ta dawo sai ya sake lissafa su daga jadawalin da ke cikinsa. Da yamma ruwa ya tsaya, hadari bai waye ba, garin ya yi duhu tun da sauran rana. Ƙararrawa ta yi kuka, Baba Ladan ya miƙe ya kira magariba. Unguwa ta kai dabino baki, aka sha ruwa, aka sha kunu. Waɗanda suka ba ni labari sun ce abin da ya fara damun su shirun ne, ba wani masallaci da ya amsa, na kusa ko na nesa. Ana cikin haka hadarin ya tsage ta yamma, jan hasken rana ya sauka a kan rassan rimin da ke bayan masallaci, kowa yana gani, da kofi a hannunsa. Sai bayan ya gushe sannan sauran masallatan birni suka ɗauka gaba ɗaya.

Washegari da hantsi Liman ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa da dattawan unguwa, Baba Ladan na zaune a gefe ya sunkuyar da kai. Liman ya riga ya sanar cewa duk wanda ya sha ruwa da wannan kira zai rama kwana ɗaya bayan salla. Ya ce, "Malam Yusha'u, Ladan ya ce agogonka ne ya yi kuka. Muna so ka duba mana."

Na je na duba. Magariba na kan ƙarfe shida da minti arba'in da tara, daidai da jadawali. Ban yi tunanin cewa an sake ɗauke wuta bayan isha an dawo da ita ba, agogon ya sake lissafi ya goge abin da ya nuna jiya. Na kai shi shago na yi kwana uku ina gwadawa. Na kashe na kunna ya fi sau hamsin, na matsar da lokaci na saurari ƙararrawa, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina gwajin ne ina fatan kada in samu komai. Na koma zauren na ce, "Allah gafarta Malam, agogo lafiyarsa ƙalau. Na'ura ba ta yin abu yau gobe ta ƙi yi." Da bakina na faɗi wannan, a gaban mutum fiye da goma.

Wani dattijo ya ce, "To ai shi ke nan. Girma ne ya zo." Baba Ladan bai yi musu ba. Ya ce, "Na ji ya yi kuka. Amma tunda mai abu ya ce bai yi ba." Aka yi masa magana mai laushi, aka ce ya huta haka nan, ya yi wa addini hidima, na'ibinsa Malam Sabo zai riƙa kira. Aka karɓi makullin akwatin lasifika daga hannunsa.

Kwana biyar bayan nan na shiga Kusfa kai wa wani ma'aikacin gwamnati na'urar famfonsa. Muna tsaye a ƙofar gida sai ga Baba Ladan yana tafe da sanda, hannu ɗaya na bin bango. Ya tsaya ya yi sallama, bai gane ni ba sai da na gaishe shi. Ya ce wa maigidan, "Alhaji, Ladan ne. Na zo neman gafara a kan azumin da na ɓata muku. Ka isar mini ga iyali." Alhajin ya ruɗe, ya ce haba Baba, wallahi ba komai, wa ya isa. Ashe tun ranar da aka karɓi makullin yake wannan zagaye, gida-gida, kullum daga hantsi zuwa azahar, da azumi a bakinsa. Ba wanda ya sa shi. Ya juyo wajena ya ce, "Injiniya, kai ma ka yafe ni, na so in shafa wa aikinka. Ido ya tafi, ashe kunnen ma ya bi shi ban sani ba. Yanzu ko sallamar mutum na ji sai in yi shakka."

Da ya wuce, Alhajin ya girgiza kai ya ce, "Abin tausayi. Ni fa na duba waya lokacin da ya fara, shida da arba'in da biyar. Minti huɗu kawai."

Na kama hanyar shago da maganar nan a kaina. Tsohon da ya rikice zai iya kira da minti goma, ko ashirin, ko ya kira la'asar sau biyu. Me ya sa huɗu? Agogona da sakan yake lissafi. Huɗu sau sittin, ɗari biyu da arba'in. Idan aka ƙara sha shida, ɗari biyu da hamsin da shida. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san lambar nan kamar sunansa, ita ce darajar ɗayan da ake riƙewa idan za a haye daga gidan ƙasa zuwa na sama. Na tsaya a tsakiyar lungu har mai babur ya yi mini tsawa. Tsoro ne ya kama ni, na gaske.

Gwajin da ya kamata in yi tun farko bai ɗauke ni rabin awa ba. Kashewa da kunnawa sau hamsin wasa ne, domin sai katsewa ta faɗo daidai tsakanin umarni biyu, bayan an tara gidan ƙasa kafin a tara na sama, a cikin dubban umarnin da ke wucewa. Sai na sa agogon ya yi ta maimaita lissafin magaribar ranar ba tsayawa, duk sanda amsa ta bambanta ya nuna ta ya tsaya. Na danna. Ban kai ga jingina da kujera ba ya tsaya. Shida da arba'in da biyar, da ja, manya-manya. Na sake, ya sake. Na buɗe rubutuna na bi da yatsa har na iso kan umarnin kwatantawa. Katsewa ta zo ta tarar da ɗaya a riƙe, ta goge shi, ta koma abinta, lissafi ya ci gaba babu shi. Layi ɗaya a sama na ɗauke tutoci, layi ɗaya a ƙasa na mayar da su, da babu abin da zai faru.

Wajen Baba Ladan na fara zuwa. Na same shi a zaurensa yana jan carbi. Na durƙusa na faɗa masa yadda zai gane, na ce agogon ya yi kuka, kuma kuskuren hannuna ne. Ya ajiye carbin ya juyo wajena.

"Ke nan na ji ɗin?"

"Ka ji, Baba."

"Ba kunnena ba ne?"

"Ba kunnenka ba ne. Ni ne."

Ya shafa fuska da hannu biyu ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan ya fi komai tsaya mini." Na ce ya yafe ni. Ya ce ai ni ya roƙa in sa wa abin baki, kuma ya yafe duniya da lahira. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan sallar la'asar na nemi izinin Liman na miƙe a gaban jama'a. Na ce agogon ne ya yi kuskure, ni na rubuta kuskuren, kuma shaidar da na bayar a zaure ba daidai ba ce. Sahu uku ne a masallacin ranar, yawancin mutane suna kasuwa ko wajen aiki. Liman ya ce a mayar wa Ladan makullinsa. Baba Ladan ya ce a'a, an riga an ba Sabo, ba za a kunyata mutum biyu a wata ɗaya ba. Aka yi, aka yi, ya ƙi. Daga nan har ƙarshen ransa a sahun farko yake zama, bayan Liman ta dama, wani na kira yana amsawa a hankali.

Sauran azumin a kan babur na yi shi, da kwamfuta a jaka, ina bin duk masallacin da na sa wa ƙararrawa, domin cutar tana cikin kowanne. A kowane wuri sai na yi bayani, don ba a sauke agogon masallaci a ɓoye. Wasu suka ce Allah Ya saka da gaskiya. Wasu suka ce in sauke in tafi da abina, za su koma jadawalin takarda. A wani ƙauye limamin ya tambaye ni ko asubahin da suka yi ta sahur da ita fa, na ce ban sani ba, kuma har yau ban sani ba. Shekarar nan ba wanda ya sake kawo mini aikin agogo, na koma gyaran caja da fitilun hannu kamar sabon shiga. Na kuma bi gidajen Kusfa da na san Baba Ladan ya shiga, ina cewa ba shi ba ne. Wasu na same su, wasu ba sa nan na bar saƙo, wasu suka saurare ni da ladabi irin na wanda ya ɗauka kana rufa wa tsoho asiri ne.

Shi ya sa nake takura muku. Ban hana ku rubutu da hannu ba, akwai wurin da ba makawa. Amma idan kun karɓi katsewa daga hannun kwamfaila, kun karɓe ta har ranar da wani zai zo ya roƙe ku ƙaramin gyara kuna cikin sauri. Ku adana tutoci ko ba ku taɓa su ba. Ku rubuta a saman aikin wace rijista kuka adana da dalili. Ku buɗe abin da kwamfaila ya fitar ku ga abin da yake ɗauke muku, ku ƙirga. Kuma idan mutum ya ce na'urarku ta yi abu kaza, ku kuka gwada ba ta yi ba, abin da za ku ce shi ne ban gani ba tukuna. Ni na ce ba ta yi ba.

Baba Ladan ya rasu shekara shida bayan wannan azumi, da rani, wata ranar Talata. An yi jama'a sosai, har daga wasu unguwanni. Muna tsaye a ƙofar gida ana jiran a fito da shi, sai na ji wani a bayana yana tambayar na kusa da shi wane ne mamacin, shi abokinsa ya biyo. Ɗayan ya ce, "Tsohon ladanin nan ne mana. Wanda ya sa aka sha ruwa da rana wata shekara."

Na juya na ce, "Malam, ba shi ba ne. Agogo ne ya yi kuskure, kuma ni na haɗa agogon."

Ya dube ni sama da ƙasa, bai san ni ba. Ya ce, "To. Allah dai Ya gafarta masa."

Aka fito da makara, muka bi.